Ba mu taɓa tambayar ɗan kokowa bayansa ba



Juma'ar da ta wuce mun yi salla a wani masallaci da ba mu saba zuwa ba, don aiki ya riƙe mu a wata unguwa. Can ƙarshen sahu, jikin bango inda tsofaffi ke jera kujerun roba, sai muka hangi wani ƙato zaune a cikinsu. Kafaɗunsa sun cika kujerar, wuya kamar turmi, amma in liman ya yi ruku'u shi sai dai ya ɗan sunkuyar da kai. Bai kai shekara 45 ba. Sai da aka sallame ya juyo sannan muka gane shi, gabanmu ya faɗi. Mutumen nan mun sha kiran sunansa a makirfo har murya ta dishe, lokacin da muke sabbin shiga aikin radiyo ana tura mu ƙauyuka ɗauko kokowar kaka. Ba za mu kama sunansa ba, shi ya roƙe mu. Bai taɓa ɗaukar takobi ba, bai ma taɓa shiga cikin goman jaha ba, amma a karkararsu in aka ce yau zai shiga fili, har mata suna barin daka.

Muka gaisa, muka ce, "Yaya, lafiya kake salla a zaune?" Ya yi dariya ya ce, "Ƙanena, bayan nan da kuke yi ma kirari ne ya ƙi. Rabon goshina da ƙasa yau shekara huɗu."

Muka raka shi gida. A hanya muka lura silifar ƙafarsa ta hagu tana ta suɓucewa, sai ya ɗaga gwiwa sama kamar mai tsallake ruwa kafin ya aje ƙafar. Da muka zauna a zaure shi ya ɗauko zancen. "Kun tuna ranar da munka kama da wani dogo na wajen Madawa? Na shige mishi ƙasa, na ɗauke shi, sai ya murɗe shina sama, ni ko na bi shi da ƙugu, ƙafafuna na kafe cikin rairayi. Nan na ji wani abu ya ce ƙas cikin tsatsona, kamar an karya kara. Na dai kada shi. Da asuba na kasa wanke ƙafa wurin alwala, uwar ɗiyana ta wanke mini. Na ce mata in ta hwaɗa ma kowa, ta tattara ta tai gidansu."

Mun tuna ranar sarai. Mun kuma tuna abin da muka faɗa a makirfo: mun ce ya ɗauki dogon nan kamar damin kara, ya tashi ko gezau. Mun gan shi ya dafe ƙugu yana fita fili, mun ga bai tsaya ya taka rawa gaban makaɗa kamar yadda ya saba ba, muka ce ma masu saurare ƙasaita ce. Bayan wannan ranar ya ƙara kaka shida yana kokowa da bayan nan.

Mu da muka yi lakkol, a CEG an sa mun haddace ƙashin baya cikin darasin SVT, muka zuba shi a takardar BEPC muka mance. Sai yanzu muka koma muka tono shi. Ƙasusuwa 33 ne jere bisa juna: bakwai a wuya, goma sha biyu a bayan ƙirji, biyar a tsatso, sauran kuma sun manne can ƙasa wajen mazauni. Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai wani ɗan matashi, gefensa tauri kamar gammo da aka naɗe da kyau, tsakiyarsa laushi kamar danƙo. In mutum ya duƙa, gaban matashin ya matse, laushin tsakiya ya tura baya, wajen da jijiyoyi ke fitowa. Duƙawa kaɗai ba ta komi. Amma a haɗa duƙawa da nauyin ƙato mai kilo 90 yana wutsil-wutsil a kafaɗa, a ƙara da murɗa ƙugu ƙafafu na kafe, to gammon nan yana iya tsagewa, danƙon ya bulluƙo ya danne jijiya. Matasai biyu na can ƙasa su suka fi shan wannan wahala, kuma daga wajen ne babbar jijiyar da likitoci ke kira siyatik take tasowa, ta bi ta ɗuwawu ta gangara bayan cinya har tafin ƙafa. Shi ya sa ciwo ke baya amma mutum ya ji wuta a sharaɓa, ko babban yatsa ya mutu. Silifar yayanmu da ke suɓucewa, jijiyar da ke ɗaga ƙafa ce ta daɗe a danne har ta yi rauni.

Yanzu ku rufe ido ku tuno yadda ɗan kokowarmu ke tsayawa in alƙali ya busa. Ya buɗe ƙafafu, ya duƙa har yatsunsa na shafar rairayi, ya ɗaga kai yana kallon abokin karawa. Baya a lanƙwashe, wuya a karye zuwa sama. In sun sarƙe, goshi na tura kafaɗa, kowa na neman ya danne wuyan ɗan uwansa ƙasa. Wani kamun a ƙauye sai a daɗe ana wannan tsayuwa, ƴan kallo har su fara tsaki, alhali naman bayan mutum biyun nan yana aiki kamar igiyar rijiya da guga cike a rataye. Kuma duƙawar iri biyu ce, duk wanda ya daɗe a bakin fili ya sani ko bai taɓa ba ta suna ba. Akwai mai duƙawa daga kwankwaso, gwiwa a lanƙwashe, baya shimfiɗe kamar allo. In zai ɗauka, cinyoyi da ɗuwawu ke ɗaukar kayan. Akwai kuma mai miƙe gwiwa ya gantsare tsakiyar baya kamar baka, ya ɗauko mutum da tsatso. Gwanaye da yawa suna farawa da ta farko, gajiya ta mai da su ta biyu. Ku lura da kyau, yawancin masu dafe ƙugu a kamu na uku ko na huɗu na dare suke dafewa.

Wani kine da muka taɓa gayyata a shirinmu na lafiya ya gyara mana tunani a nan, don mun so mu ɗora laifin duka bisa tsayuwar. A bayaninsa, baya an halicce shi ne don ya duƙa ya murɗa, ga iyayenmu mata nan suna shara da shuka a duƙe shekara da shekaru. Abin da ya fi kawo ciwo shi ne nauyin da jiki bai saba da shi ba ya zo masa bagatatan, ko kuma nauyin da ya saba da shi a yi ta maimaita masa babu hutu. Ya kuma ce kafaɗun da ke zubowa gaba da wuyan da ke leƙowa, irin na tsofaffin ƴan kokowa, ba lalle su zama ciwo ba. Wani yana da su lafiya lau. Abin dubawa shi ne me bayan ya ɗauka tun safe kafin ya iso fili.

To a nan ne zancen ya fi ci mana rai. Tun da aka fara gasar takobin ƙasa a Tawa cikin 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya fara ɗauka, idonmu gaba ɗaya yana kan ƴan gasar, waɗanda yanzu mutum tamanin ne, goma daga kowace jaha cikin takwas. Su ake nunawa a tele, su ake kai wa kyauta, wanda ya yi nasara a naɗa masa rawani a ba shi doki da miliyoyi. Yaro a Gidan Rumji ko Mirya ko Bagaruwa ya ga Isaka Isaka na Doso ya ɗaga takobinsa na shida a Agadas ƙarshen 2023, ya kwana yana mafarki. Ba laifi, mu ma mun yi mafarkin. Sai dai bayan tamanin ɗin nan akwai dubbai da ba mai ƙirga su, masu kamawa don jika biyar da turmin atamfa da guɗar ƴan mata. Waɗannan bayansu aiki biyu yake yi. Da safe yana dako a kasuwa, buhu mai kilo 100 a gadon baya, ko yana loda albasa a Galmi, ko yana buga bulo, ko ya wuni bisa kabu-kabu hanya na jijjiga shi. Da la'asar ya tafi bayan gari ya ɗaga ƙarfen mota da aka ɗaura wa gwangwanayen siminti, yadda ya gani a bidiyon waya. Da dare, cikin ɗarin hunturu, ya tuɓe riga ya faɗa fili ba tare da ya ɗan motsa jiki ya yi ɗumi ba, don in aka gan shi yana guje-guje a gefe sai a ce tsoro ne. Kakar ma da ake kokowa cikinta, jiki bai huta daga noma da girbi da ɗaukar dammai ba.

Ga shi kuma kokowarmu ba ta san sikeli ba. A gasar ƙasashen CEDEAO ana raba ƴan wasa aji-aji bisa nauyi, amma a filinmu ɗan siriri na iya karawa da wanda ya ninka shi, kuma wannan ne ma daɗin abin, ba mu musu. Ranar da ƙarami ya ɗaga babba gari ba ya barci. Kilon da ya ɗaga ɗin dai a tsatsonsa ya sauka.

Muka tambayi yayanmu me ya hana shi zuwa likita tun farko. Ya dube mu kamar mun yi tambayar yara. In abokin karawa ya ji gefen hagunka na ciwo, nan zai bi. In mai shirya wasa ya ji, ya daina aiko maka da goro. Malamin da ya yi maka layu da guru kuma ya ji kunya, don ai ya ce ƙarfe ma ba ya kama ka. Sannan ga makaɗi ya riga ya ce kai dutse ne, ga ɗan radiyo ya maimaita har Nijeriya an ji. Dutse zai je ya hau layi a CSI ya ce ma manjo bayansa na ciwo? Sai ya bi hanyar da kowa ke bi. Wanzami ya kafa masa ƙaho, ya ji sauƙi kwana uku. Wani ya ce basir ne, ya sha jiƙo kwalba-kwalba. Wani ya ce sanyi ne. Da ciwon ya gangara ƙafa aka ce ai jifa ce, dogon nan na Madawa ne ya bi shi da ita, aka yi masa sakiya, ya ɗaga riga ya nuna mana tabon jere a ƙugu. Ba mu raina wanzami ba, mu ma an kafa mana ƙaho, kuma naman da ya ɗaure yana iya saki na ɗan lokaci. Amma ƙaho a fata yake tsayawa, matashin da ya tsage yana can ciki tsakanin ƙasusuwa.

Daga nan sai ƙwaya. Wannan ba sai mun ɓoye ba, duk wanda ke zuwa bakin fili ya san tiramol na yawo a aljihu. Yayanmu ya ce da guda ya fara kafin kamu, kaka ta uku sai ya haɗiye uku bai ji komi ba. Ƙwayar ba ta gyara abin da ya lalace, kashe ƙararrawar kawai take yi, mutum ya koma ya ɗauki ƙato da bayan da ke roƙonsa ya tsaya. Tana kama mutum ya kasa bari, kuma in ta yi yawa tana sa farfaɗiya. Tun 1 ga Janairun 2024 hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta haramta ta lokacin gasa, amma wa zai auna fitsarin wani a dandalin ƙauye ƙarfe goma sha ɗaya na dare? Diklofenak ɗin da ake saye hannun masu talla a tire shi ma ba alewa ba ne: a sha shi kullum ciki wayam yana cin tumbi, a sha shi ana zuba gumi ba a shan ruwa yana taɓa ƙoda.

Abin takaicin, da ya sani tun farko, labarin ba mai ban tsoro ba ne. Ciwon baya ba na ƴan kokowa kaɗai ba ne. OMS ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ke fama da ciwon tsatso a duniya, kuma shi ne kan gaba wajen hana mutane aikinsu. Mafi yawansa yana lafawa cikin mako shida ko ƙasa da haka, in an sauke wa bayan kaya. Ba a ma son a kwanta a shimfiɗa kwana da kwanaki, an fi son mutum ya riƙa ƴar tafiya, ya koma aiki sannu-sannu, ya ƙarfafa naman ciki da na ɗuwawu kafin ya sake ɗaukar mutum. Ko matashin da ya bulluƙo, sau da yawa jiki na shanye shi cikin watanni ba tare da an yi aiki ba. Kaka guda yayanmu zai bari. Ya ƙi barin guda, ya rasa duka, har da gonar, don yanzu ƙannensa ke noma masa.

Akwai dai alamun da ba a jira da su, kuma muna roƙon matan ƴan kokowa su riƙe su, tunda mun ga su ke fara sani. In ƙafa ta fara rauni, mutum na tuntuɓe ko takalmi na zame masa. In tsakanin cinyoyi da wajen zama ya mutu, ko fitsari ya ƙi fita, ko ya zubo ba a sani ba, ko bayan gida ya kuɓuce: wannan a ranar ake tafiya babbar likita, ko da tsakar dare ne, don jijiyoyin da aka danne ba su jiran gari ya waye. In kuma ciwon na tada mutum daga barci, ga zazzaɓi da gumin dare ga rama, to a ƙasarmu sai an duba tarin fuka, don yana kama ƙashin baya ya cinye shi har ya fito da doro, kuma yana da magani. Wani abin da mutane ba su sani ba, radiyo (ta likita muke nufi, ba tamu ba) ƙashi take nunawa, ba ta nuna matashin da jijiya. Sai mutum ya biya a ɗauke shi, a ce ƙashinsa lafiya, ya dawo gida ya ƙara tabbata jifa ce. Ganin matashin sai sikana ko IRM, su kuma sai manyan birane ga tsada, amma likitan da ya san aikinsa yana gane da yawa daga ɗaga ƙafa da gwada ƙarfin yatsu, kuma ba kowane ciwon baya ke buƙatar hoto ba.

Yara su ne suka fi ba mu tsoro. Kafin manya su shiga, ai da su ake buɗe fili, ɗan shekara goma sha uku a haɗa shi da wanda ya girme shi don ƴan kallo su yi dariya su watsa dala-dala. Ƙashin yaro mai tasowa bai gama ƙwari ba. Yawan gantsarewa baya da nauyi a sama yana iya tsaga wani siririn wuri a ƙashin tsatso, galibi na biyar, kuma an san wannan ciwo wajen yara masu kokowa a ko'ina cikin duniya. Alamarsa, yaro ya ce bayansa na ciwo in ya miƙe ya karkata baya, sau da yawa gefe guda, kuma ya wuce mako biyu bai bari ba. In an hutar da shi wata biyu ko uku yakan warke. Mu kuwa me muke ce masa? Yaro da ciwon baya, kai tashi ka ba mu wuri.

Mun ɗauki zancen nan mun kai shi iska ranar Talata, ba tare da suna ba. Mai kira na farko ya wanke mu tas, ya ce ƴan lakkol sun tashi kashe gadon iyaye, kakanninmu sun yi kokowa ba kine ba sikana. Mun bar shi ya gama, don yana da gaskiya guda: ba mu son ranar da za a wayi gari babu kiɗa babu cali-cali a fili. Sai dai kakannin nan ba mu ga yadda suka tsufa ba, kuma ba su haɗa kokowa da kabu-kabu da tiramol ba. Ta uku da ta kira mace ce, ta yi magana ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron a ji ta daga ɗaki. Ta ce maigidanta wata biyu ke nan in zai tashi daga tabarma sai ya rarrafa ya kama bango, kuma an sa shi cikin masu kamawa ranar kasuwa. Ta ce, "Malam, ku hwaɗa da bakinku, ku yana jin maganarku." Layin ya yanke kafin mu tambaye ta garinsu.

Abin da muke nema wurin masu shirya wasa bai kai kuɗin lasifika ba. A haɗa yara da sa'o'insu a jiki. A ba da minti goma kowa ya motsa jiki a fili gaban jama'a, manya su fara, don kunyar ta fita. A zaunar da ma'aikacin lafiya guda a gefen makaɗa, wanda in ya ce wane ya huta, sarkin fili zai mara masa baya. Namu kason kuma mun san shi. Mun yi shekara goma muna tambayar ɗan kokowa wa ya fi jin tsoro, wane malami ya tsaya masa, me zai yi da kyautar. Ko sau ɗaya ba mu taɓa cewa yaya jikin ba, sai a gaisuwa.

Kafin mu bar gidan yayanmu, ɗansa na fari ya shigo daga makarantar allo, ɗan shekara goma sha huɗu, kafaɗun uban sak. Uban ya ce ya nuna ma baƙi tsayuwa. Yaron ya aje allo ya duƙa, sai uban ya miƙa sandarsa daga kan kujera ya ɗan buga masa bayan gwiwa. "Karya nan. Sauke ɗuwawu. Bayanka shi miƙe, in aza kwanon ruwa bisa kar shi zube." Yaron ya gyara, ya ɗago ido yana murmushi. Ranar Lahadi akwai kokowa a ƙauyensu, an riga an kawo goro, yaron zai shiga. Mu ma an ce mu zo da makirfo, kuma uban ya ce mu biyo ta gida mu ɗauke shi da kujerarsa.